Yadda Ake Yi wa Kayan Sana'a Sitika, Tun Daga Awon Gora Har Mannawa

Wajen iya sarrafa kaya ba a bar matan Kebbi a baya ba. Man gyaɗa, yaji, ƙuli-ƙuli, garin kunu, zoɓo, kunun aya, busasshen kifin Yauri da na Argungu, duk akwai gwanayensu a kowace unguwa. Inda ake shan gabanmu shi ne wajen zubi da shaida. Sai ki ga kaya mai kyau a cikin farar roba, babu suna babu lambar waya, wanda ya saya ya ji daɗi bai san inda zai koma ba. Wata kuma ta kashe kuɗi ta bugo sitika mai ɗaukar ido, da an tsoma gorar a ruwan ƙanƙara sai takardar ta saɓule ta bar danƙo.

'Yar'uwa, abin da nake so ki riƙe tun farko shi ne: mazubi da irin wahalar da kayan za su sha a hanya su ne ke zaɓa miki sitika. Maiƙo, ruwan sanyi, rana, ƙurar hunturu, gugar juna a bayan mota daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato. Zane mai kyau yana zuwa ne bayan an gama da waɗannan.

Kayan da za ki tanada

- Ainihin mazubin da za ki riƙa sayarwa a ciki: gora, roba mai murfi, kwalba ko leda. Ki samo kamar biyar na gwaji.
- Tef ɗin tela da rular ƙarfe.
- Farar takarda, fensir da almakashi.
- Wuƙar yanka takarda ko sabuwar reza, da faffaɗan katako ko gilashi da za ki yanka a kai.
- Waya mai ɗaukar manhajar Canva ko PixelLab, ko kwamfuta in akwai.
- Sifirit na kemis da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da gashi.
- Tsohon katin ATM da ya daina aiki, na goge sitika ta kwanta.
- Hatimin kwanan wata mai juyawa da tawadarsa, ko maka, wato alƙalamin rubutu mai kaurin baki, wadda ba ta gogewa.
- Kwali mai kauri, da kula da ƙanƙara.
- Littafi guda na rubuta awo da lambobin kaya.

Takardar sitikar kanta iri uku ce za ki fi cin karo da su. Akwai ta takarda mai gam a baya, wadda masu bugawa kan buga a injin da suke kira DI, a kan falle mai girman A3. Ita ce mafi araha, kuma ta isa ga busassun kaya. Akwai ta roba, wadda suke kira SAV, ana bugawa a babban inji a auna ta da ƙafa. Ba ta jin ruwa. Sai ta roba mai garai-garai da ake hango abin da ke bayanta. Kowacce ana iya shimfiɗa mata laminatin a sama, mai sheƙi ko marar sheƙi, don kare tawada daga guga.

Mataki na 1: Tsayar da mazubi ɗaya

Ki zaɓi mazubin da kika tabbata za ki ci gaba da samun irinsa. Ki tambayi mai shagon ko kullum yana kawo shi, ko kuwa kaya ne da ya shigo sau ɗaya. Masu sayar da roba kan sauya samfuri, kuma bambancin santimita ɗaya a wuyan gora ya isa ya mayar da sitika ɗari biyar asara.

Ki duba jikinsa da kyau. Gora mai gurbi-gurbi ko zane a jiki ba ta riƙe sitika sai a wurin da yake sumul, don haka wannan sumul ɗin ne iyakar filinki. Ni dai ban goyi bayan zuba zoɓo a tsofaffin gorunan lemo da ake tsintowa ba. Ba ki san abin da aka taɓa zubawa ciki ba, murfin ya riga ya karye, kuma babu hukumar da za ta yi wa irin wannan kaya rajista. Sabuwar gora tana ƙara kuɗi, amma da ita ne shago zai karɓi kayanki.

Daga nan ki zaɓi takarda:

- Yaji, garin ɗanwake, garin kunu, turaren wuta a busasshiyar roba: ta takarda ta wadatar.
- Zoɓo, kunun aya, yogot, fura da nono, duk abin da zai shiga firji ko kula: SAV kawai.
- Man gyaɗa, man shanu, man kaɗanya, humra, dambun nama: SAV mai laminatin. Maiƙo yana ratsa takarda ya yi mata tabo, sannan ya kashe gam.

A nan ne ake cewa araha ba ta ado. Wadda ta sa sitikar takarda a gorar zoɓo don ta rage kuɗi, sau biyu za ta biya.

Mataki na 2: Awo

Ki naɗa tef ɗin tela a cikin gorar, a daidai inda sitikar za ta zauna, ki rubuta kewayen. In sitikar za ta zagaye gorar gaba ɗaya, ki ƙara milimita 5 don baki ya hau kan baki. In ba kya son ta haɗe, ki rage milimita 5 zuwa 10, ya zama akwai ɗan fili da mai saye zai hangi kayan. Tsayi kuma ki auna sumul ɗin wurin, ki rage milimita 3 sama da 3 ƙasa, domin sitikar da ta hau kan lanƙwasar kafaɗar gora dole ta tattare.

Kada ki tsaya ga lamba. Ki yanka farar takarda daidai wannan awon, ki naɗa a jikin mazubin, ki dube shi ta kowane gefe. A nan za ki gane wani abu da ke ba mutane wahala: robar da bakinta ya fi gindinta faɗi, irin ta yogot da ta fura, ba ta karɓar sitika mai kusurwa huɗu. Da kin naɗa za ki ga tana karkacewa sama ko ƙasa. Hanya biyu ce. Ko ki naɗa takarda babba, ki zana layin sama da na ƙasa da fensir tana jikin robar, ki warware ki yanka. Za ki ga ta fito a lanƙwashe kamar baka, sai ki kai wa mai zane ya kwaikwaya. Ko kuma ki haƙura da zagayewa, ki yi ƙaramar sitika a gaba da wata zagayayya a kan murfi. Ga mai farawa, ta biyun ta fi sauƙi.

Mataki na 3: Suna da rajista

Ki zaɓi suna gajere wanda yaro zai iya faɗa in an aike shi shago. Ki bincika a Facebook da Instagram da cikin kasuwa ko wani ya riga ki. Kada ki ɗauki sunan wani sanannen kamfani ki sauya harafi ɗaya, kada kuma ki kwaikwayi kalarsa da tsarinsa. Bayan haƙƙi ne, yana iya kai ki kotu.

Rajista iri uku ce, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ita ce ta sunan kasuwanci, da ita za ki buɗe asusun banki da sunan sana'arki. Ba ta hana wani amfani da tambarinki. Mai hana wannan ita ce rajistar tambari, a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja. Kaya rukuni-rukuni ne a can: nama, kifi da man girki suna rukuni na 29, shinkafa, gari, zuma da kayan yaji na 30, abin sha na 32, sabulu da turare na 3. Rajistar farko shekara 7 ce, bayan nan ana sabuntawa duk shekara 14. Ta uku ita ce ta NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna da kayan kwalliya. Ana neman rajistarta ta shafinta na NAPAMS, tana da ofis a kowace jiha, kuma lambar da za ta ba ki tana aiki shekara 5.

Abin da ya shafi sitika a nan shi ne NAFDAC tana duba zanen takardar kafin ta amince, kuma tana iya cewa a gyara. Saboda haka kada ki buga da yawa alhali takardunki suna hannunsu. Kuma don Allah kada ki ƙirƙiri lamba, kada ki ari ta wata. Kowace lamba tana da kaya ɗaya da kamfani ɗaya, ana iya bincikawa a gano. In mai zane ya ce bari ya sa miki wata don kayan su yi kwarjini, ki ce a'a.

Mataki na 4: Rubuta abin da zai hau kan sitikar

Ki rubuta komai a littafi kafin ki taɓa waya. Dokar NAFDAC ta 2022 kan takardun shaidar abincin da aka rufe tana buƙatar waɗannan:

- sunan kayan na gaskiya, wato abin da ke ciki, ba sunan kasuwanci kaɗai ba;
- kayan haɗi, a jere daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci;
- nauyi ko yawa, da giram, kilo, mililita ko lita, ban da nauyin mazubi;
- suna da cikakken adireshin mai yin kayan;
- lambar rukunin da aka yi tare;
- ranar yi da ranar ƙarewa;
- yadda ake ajiyewa;
- lambar rajista, in an samu.

Ƙa'ida ce bayanan su kasance da Turanci, kuma an yarda a ƙara wani harshe. Ina ba da shawara a ƙara Hausa, musamman wajen yadda ake amfani da yadda ake ajiyewa. Sunan kaya da ajami ma yana da amfani in kasuwarki ta ƙauye ce, don akwai dattawa da yawa da ajami suke karantawa. Mai kai kaya ta Kamba zuwa Nijar kuma, layi ɗaya na Faransanci zai taimake ta.

Akwai abubuwan da ba a sawa. Kada ki rubuta cewa yajinki yana maganin basir, ko zumarki tana warkar da ciwon suga. Abinci ba ya da izinin da'awar magani, kuma wani zai iya barin maganin asibiti saboda rubutunki. Tambarin ido da ake gani a galan ɗin mai alama ce ta an ƙara sinadarin bitamin A; in ba a ƙara a naki ba, ba naki ba ne. In akwai gyaɗa, madara, ƙwai ko alkama a haɗin, ki bayyana ƙarara, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka, kuma yajin ƙuli ba kowa ke gane shi da ido ba.

Sai wani abu da ya shafe mu musamman. Kada ki sa aya, ko Basmala, ko sunan Allah a jikin sitika. Gora da leda bola suke ƙarewa, wasu a kwata. Niyya mai kyau ce ke sa mutane yin haka, amma ki tuna inda robar za ta kwana bayan an shanye.

Mataki na 5: Zane

In da hali ki ba ƙwararren mai zane, ki kai masa mazubin da takardar awon da kika yanka. Ki yi yarjejeniya da shi tun farko cewa zai ba ki ainihin fayil ɗin, wanda ake iya gyarawa. Yawancin masu zane a nan da manhajar kwamfuta ta CorelDraw suke aiki. In hoto kawai ya tura miki, ranar da za ki sauya lambar waya sai kin koma wurinsa ko ki sake biyan wani daga farko.

In da kanki za ki yi, ki buɗe Canva, ki zaɓi girma na musamman, ki sa awonki da santimita. Gaban sitika abu uku yake ɗauka: suna ko tambari, abin da ke ciki, da nauyi. Sauran bayani ya koma gefe ko baya. Kala biyu ko uku sun isa, salon rubutu biyu sun isa. Ki ajiye wayar a kan tebur ki ja baya taku uku. In ba ki iya karanta sunan ba, mai wucewa a shago ma ba zai iya ba. Ƙananan rubutu kada su gaza lamba 6 a ma'aunin girman rubutu na manhajar, kuma siririn farin rubutu a kan baƙi yana cikewa da tawada.

Ki lura da haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai su fito a matsayin ɗan akwati, ko su fito da wani salo dabam a tsakiyar kalma. Ki gwada rubuta ƙuli-ƙuli da zoɓo a salon kafin ki zaɓe shi.

Hoto ki ɗauki na kayanki, da rana, kusa da taga, a kan farin ƙyalle. Hoton intanet yawanci ƙarami ne, yana fashewa wajen bugu, kuma yana da mai shi. Masu bugawa suna son hoto mai ƙarfin 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman da za a buga.

In kalar zanen ta kai har baki, ki bar ta ta zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma ya tsaya milimita 3 daga ciki. Wuƙa ba ta faɗawa daidai kullum, wannan rarar ce ke hana farin layi fitowa a gefe.

Game da sitika mai garai-garai: yawancin injinan da ke kusa da mu ba su da farar tawada, duk inda kika sa fari a zane, fili ne zai fito. Baƙin rubutu a kan zoɓo mai duhu ɓacewa yake yi. Irin wannan sitika ta fi dacewa da kaya mai haske kamar kunun aya ko man gyaɗa, da rubutu mai duhu.

Lambar waya ki sa wadda ke kan WhatsApp kuma ba za ki sauya ba. In za ki sa alamar QR, kada ta gaza santimita 2, ki bar farin fili kewaye da ita, ki gwada da waya biyu bayan an buga. Layukan nan da ake haskawa a wurin biyan kuɗi kuwa ba a zana su da ka. Wata ƙungiya mai suna GS1 Nigeria ke bayarwa, lambobinta suna farawa da 615, kuma ba kya buƙatarsu sai babban kanti ya nema.

Mataki na 6: Kai wa mai bugawa, da lissafin falle

Ki fitar da zanen a PDF. In CorelDraw ne, mai zanen ya mayar da rubutun ya zama zane kafin ya tura, don kada salon ya sauya a wata kwamfutar. In ta WhatsApp za ki aika, ki tura shi a matsayin fayil; in kika tura a matsayin hoto, manhajar tana matse shi ya rasa ƙarfi.

Kalar da kike gani a waya haske ne, ta injin kuma tawada huɗu ce ake haɗawa, shi ya sa kore mai ƙyalli da shuɗi mai haske kan fito a dushe. Ba laifin mai bugawa ba ne kullum. Maganinsa ki biya kuɗin falle ɗaya ki gani da idonki, a waje cikin hasken rana.

Ga lissafin da ke rage kuɗi, kuma mutane kaɗan ke yin sa. Fallen A3 santimita 29.7 ne da 42. In an bar santimita 1 ta kowane gefe, saura 27.7 da 40. Sitika mai farin baki, 10 da 7, da tazarar milimita 3 a tsakani, guda 10 za ta fito: biyu a faɗi, biyar a tsayi. In kika rage ta zuwa 9 da 6.3, uku za su shiga a faɗi, shida a tsayi, 18 ke nan a falle ɗaya, kuɗin bugu bai sauya ba. Mai saye ba zai lura da bambancin girman ba. Ki roƙi mai bugawa ya jera miki a kwamfuta ki gani kafin ki tsayar da awo na ƙarshe. Zane mai kala har baki yana cin fili fiye da haka saboda rarar nan.

Ki raba kuɗin bugu da na yanka da yawan sitikar, ki san nawa kowace ɗaya ta tsaya miki, ki sa a farashin kaya. Ƙananan ayyuka ana yin su a Birnin Kebbi. In aiki ya yi yawa, ko kina son sitika ta naɗi ko ledar da ke rungume gora gaba ɗaya, sai an nufi Kano, Kaduna ko Shomolu a Legas, kuma can suna da mafi ƙarancin adadin da suke karɓa. Kada ki kai kanki can sai kayanki sun zauna a kasuwa.

Mataki na 7: Gwaji

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma mafi muhimmanci. Daga fallen gwajin nan, ki manna a mazubi biyar, ki bar su kwana ɗaya, sannan:

Ɗaya ki tsoma a kula mai ƙanƙara ta kwana, da safe ki murza da yatsa. Ɗaya ki ɗiga mata man da kike sayarwa a baki da kan rubutu. Ɗaya ki ajiye inda rana ke bugawa na mako guda. Zafin watan Afrilu a nan yana haura digiri 40, yana narkar da gam mai rauni, ja da rawaya kuma su ne ke fara koɗewa. Biyun da suka rage ki sa su a kwali ɗaya ki girgiza sosai, ki ga ko tawada ta goge.

Wadda ta ɗago a kusurwa, ki sa a zagaye kusurwoyin, domin kusurwa mai tsini ita ke fara kama hannu. Wadda tawadarta ta goge tana buƙatar laminatin. Kafin ki ba da umarnin bugu, ki ba mutum biyu su karanta rubutun harafi-harafi, su kuma kira lambar wayar da ke jiki. Idon da ya rubuta ba ya ganin kuskurensa.

Mataki na 8: Yanka

In wurin bugun suna da injin da ke yankawa da kansa, ki biya, musamman ga zagayayyar sitika. In da hannu ne, ki ɗora fallen a kan katako, ki danne rular ƙarfe, ki ja wuƙa sau ɗaya ba tare da tsayawa ba. Reza ta fara dakushewa ki sauya. Almakashi ba ya ba da miƙaƙƙen layi.

Mataki na 9: Mannawa

Leda ana manna mata sitika tun tana shimfiɗe, kafin a zuba kaya. Gora da roba kuma sai an zuba, an rufe, an goge. In da zafi kika zuba, ki bari ya huce. Mazubin mai ki wanke bayansa da ruwan sabulu, ki shanya, ki bi da sifirit. A hunturu ki yi aikin a ɗaki a rufe, ki riƙa gogewa kina mannawa nan take, don roba tana jawo ƙura.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne manna sitika a gorar da ta fito daga firji. Raɓar da ke jikinta ba ta barin gam ya kama ko da SAV ce. Masu zoɓo da kunun aya, da ba sa iya barin kaya a waje, su manna a busassun gorunan tun jiya, gam ya samu awa 24 ya kama, yau a zuba a kai sanyi.

Don sitiku su zauna a layi ɗaya, ki yi ɗan gurbi: ki manna kwali biyu masu kauri a kan tebur, tazararsu daidai faɗin gorar, da wani a gindi da zai tokare ta. Ki ja layi a kwalin inda bakin sitika zai tsaya. Yawancin gorunan roba suna da siririn layi a tsaye inda aka haɗa su, ki fara daga nan. Ki ɓare bayan sitikar kaɗan, ki kafa bakin, ki riƙa janye takardar bayan kina juya gorar kina bi da yatsa. A kan shimfiɗaɗɗen wuri kuma daga tsakiya ake farawa, a goge zuwa gefe da katin ATM. In iska ta maƙale, ki huda da allura ki danne. Kada yatsa ya taɓa gam, musamman in kin taɓa mai.

Sitika a waje take zama. Kada tawada ko gam su taɓa abinci. Masu kilishi da ƙuli-ƙuli su zuba a leda mai tsabta tukuna. Jarida da takardar siminti ba mazubin abinci ba ne.

Mataki na 10: Kwanan wata, lamba da rufin murfi

Kada ki buga kwanan wata a cikin zane, in ba haka ba ragowar sitikar ta mutu. Ki bar farin fili, ki riƙa buga hatimi. Tawadar hatimi ba ta bushewa a kan SAV ko laminatin, don haka ko ki rubuta da maka, ko ki buga hatimin a ƙaramar farar sitikar takarda ki manna a murfi ko gindi.

Lambar rukuni ba wuya: kwanan watan da kika yi, da harafi. Tukunyar farko A, ta biyu B. Ki rubuta a littafi inda kika sayi kayan haɗin wannan rukunin da shagunan da kika kai wa. Ranar da wani ya kawo ƙorafi, za ki san waɗanda za ki janye. Ranar ƙarewa kuma ba a cankarta. Ki ajiye samfuri daga kowane rukuni a irin yanayin da zai zauna a shago, kina dubawa, ki sa ranar da ta gaza wadda ya fara sauyawa. Zoɓon da ba a sa masa maganin hana lalacewa ba kwanaki kaɗan yake yi ko a firji, ki rubuta haka.

Siririyar sitika da ta haye murfi ta sauko jikin roba tana nuna ba a buɗe ba. Ana kuma sayar da zoben leda da ake sawa a wuyan gora, a hura masa iskar handiraya ya matse. In babu wuta, a tsoma kan gorar a ruwan zafi na daƙiƙa biyu.

In wani abu ya rasa

Babu takardar sitika a kusa: ki buga a farar takarda da firinta mai amfani da garin tawada, irin ta shagunan hoton takardu, ki yanka, ki rufe da faffaɗan salatif mai garai-garai ya zarce bakin takardar. Bugun firinta mai tawadar ruwa yana zuba da an jiƙa. Wannan dabarar ta busassun kaya ce, ba ta jure kula.

Jari bai kai ba: ki sa a sassaƙa miki hatimi mai suna da lambar waya, ki riƙa bugawa a farar sitika ko a kati. Kayan leda kuma ki ninka kati a bakin ledar ki danne da sitefula, bayan kin riga kin liƙe ledar, kada ƙarfen ya shiga wurin abinci.

Kaya iri-iri amma kuɗin zane ɗaya: ki yi sitika guda mai tambari da adireshi, ki bar fili, ki riƙa ƙara ƙaramar sitika mai sunan kowane kaya da haɗinsa.

Buhun shinkafa

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi a 2015, masu gyaran shinkafa ƙanana sun yawaita, kuma da yawa suna tambayar sitikar buhu. Saƙaƙƙen buhu ba ya riƙe sitika. Jikinsa ba sumul ba ne, da an ɗaga an jefa sai ta faɗi. Ga kilo 25 da 50, ki sayi farin buhu marar rubutu ki kai wa masu bugun riguna da allon siliki su buga miki kala ɗaya ko biyu. Ko ki buga kati mai kauri, a yi masa laminatin, a haɗa shi cikin ɗinkin bakin buhu. Ga kilo 1 zuwa 5, leda mai kauri da SAV babba ta isa, a manna kafin zubi. Zuba shinkafarki a buhun wani kamfani kuwa ha'inci ne ga mai saye, laifi ne a doka, kuma sunan wani kike ginawa da guminki.

Ajiyar ragowa

Ki ajiye fallayen a shimfiɗe cikin leda, a ɗora littafi a kai, nesa da taga da murhu. Kada ki bar su a cikin mota. Da damina laima tana sa takarda ta lanƙwashe, da bazara gam yana tsattsafowa ta gefe. Ki buga abin da za ki ƙarar cikin wata uku zuwa shida. Ki manna guda ɗaya a littafinki, ki rubuta awonta da irin takardar da wurin da aka buga, ki tura fayil ɗin zuwa imel ɗinki don ko waya ta ɓata. Ranar sake bugu ki tafi da wannan samfurin, mai injin ya daidaita kala da shi kafin ya saki aikin.